Gidan da Ba a Rufe Famfonsa

Tun da muka dawo daga kan duwatsun nan ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallacinmu na Tremont, a unguwar Bronx ta birnin nan, kafin in gama sa takalmi an kewaye ni: yaya sanyin can, me kuka ci, da gaske ne namun daji na zuwa har ƙofar gida? Wanda ya fi kowa matsa mini shi ne Alhaji Bala, Bakano, direban motar haya kamar ni. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin Badamagare ya yi tafiya don hutu ba, in ka gan mu a hanya to ruwa muka fita nema. An yi dariya, ni ma na yi, don bai san yadda maganarsa ta faɗa daidai ba. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in sha shayina.

Gidan da muka je ba namu ba ne, kuma ba haya muka kama ba. Maiɗakina Memuna, 'yar Zangon Kumasi, shekara bakwai ke nan tana kula da wata tsohuwar Baturiya a tsibirin Staten Island, Madam Doris. Kullum da safe ta shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ta hau jirgin ruwa zuwa tashar St. George da ke tsibirin. Ita ke yi wa tsohuwar wanka, ita ke ba ta magani, ita ke sauraron labaran da ta riga ta ji sau ɗari. Mijin Madam Doris, marigayi Mista Frank, kafinta ne, kuma shi ya gina wani ɗan gidan katako da hannunsa a duwatsun Katskil, tafiyar awa uku arewa da birni. Shekara uku rabon tsohuwar da gidan saboda ciwon ƙafa. Ran nan sai ta zaro makulli daga jaka ta danƙa wa Memuna, ta ce ta ɗauki mijinta su je su huta, su kuma duba mata gidan.

Ɗanta ɗaya tilo, Kevin, bai so haka ba. Ya daɗe yana neman hanyar da zai kai mahaifiyarsa gidan tsofaffi ya sayar da komai, kuma Memuna ce dalilin da ya sa tsohuwar ke iya zama a ɗakinta. A gaban Memuna ya ce ba a ba mai aiki makullin gida, kuma in wani abu ya lalace, ko cokali ne, to aiki ya ƙare. Shi ya sa tun muna ɗaura kaya Memuna ta ɗaga mini makullin ta ce, "Malam, ka ga wannan? Aikina ne rataye a jikinsa. Yadda muka tarar da gidan, haka za mu bar shi."

Na ce, "Hajiya, ni ake gaya wa riƙon amana?"

Tafiyar kwana biyu ce, amma wanda ya leƙa bayan motata zai ce ƙaura muke yi. Shinkafa da wake, man ja, kwalbar shito, wato yajin nan na mutanen Gana mai mai da kifi, kilishin da aka kawo mini daga gida, ganyen shayi, butar alwala, darduma biyu, barguna huɗu. Memuna ta ce ba ta yarda da garin da ba ta san mahaucinsa ba, sai ta soya kaji uku ta zuba a kula.

Muka tashi ranar Litinin da hantsi, cikin watan Janairu. Muka haye kogin Hudson muka miƙa arewa. A gida in ka yi awa uku a mota daga Damagaram ka riga ka tsallaka iyaka, an sauke ka, an buɗe jakarka, an tambaye ka har sunan kakanka. Nan ba wanda ya ɗaga mana hannu. Kyamara ce kawai a saman titi take ɗaukar lambar mota, ita ma ba ta ce uffan. Da azahar muka tsaya a wurin hutun matafiya. Famfon bayin nasu irin wanda kana janye hannu yake rufe kansa ne, na tsaya na yaba masa, na ce ga famfo mai tarbiyya. Na shimfiɗa darduma a gefen mota na ta da salla. Ina sujada ta biyu wata mata mai kare ta zo ta tsaya a kaina, tana tambayar Memuna ko a kira motar asibiti. Memuna ta ce mata lafiyata ƙalau, da Ubangijina nake ganawa. Matar ta ba da haƙuri sau uku, karen kuma ya shinshina takalmina ya wuce.

Ƙarshen hanyar ba kwalta, kuma hawa ce, ƙanƙara ta daskare a kanta. Motata da ta saba da titunan Bronx ta gwada sau biyu, ta zame ta dawo da baya, a na uku na ba ta gaskiya. Muka ajiye ta a gindin tudun muka ɗauki kaya. Memuna ta naɗe gyalenta ta yi gammo, ta aza kular kaji a ka, ta kama hawa ba ta ko riƙe. Muna cikin haka wata akori-kura ta gangaro, direban, wani ƙato mai farin gemu, ya rage gudu ya kalle mu. Ya ɗaga yatsa biyu daga kan sitiyari ya wuce abinsa. Sawu uku muka yi.

Gidan ɗan ƙarami ne: falo haɗe da kicin, ɗakin kwana, bayi, da murhun ƙarfe a tsakiya da itace jibge a gefensa. Hotunan Madam Doris tun tana da baƙin gashi suna jikin bango. Aikin katakon kuwa ko ni da ba kafinta ba na san mai hannu ne ya yi, don daɓen ba ka ganin inda wannan katako ya haɗu da wancan. Amma ban gama sallama ba kunnena ya kama wani abu. Ɗis. Ɗis. Ɗis. Famfon kicin yana ɗiga. Na shiga bayi, famfon wanke hannu yana ɗiga, na wanka ma haka. Famfo uku, gida ba kowa, ruwa mai kyau yana bin rariya, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Wanda bai tashi a Damagaram ba zai ce ina ruwana. Mu da muka tashi can a shekarun da na tashi, jarka muka fara ɗauka kafin jakar makaranta. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, na kwanukan a ba awaki, abin da awaki suka rage a zuba wa bishiyar lemo. Na taɓa kifar da moɗa guda daga randa ina ɗan shekara takwas, Inna ta ba ni marin da har yau in sanyi ya yi nakan ji wurin. Tana nan da ranta, ta haura tamanin. Duk Juma'a nake kiranta, kuma kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce, "Isuhu, kuna da ruwa?"

Saboda haka ban yi shawara da kowa ba. Na murɗe famfo ukun nan tam, har na sa gefen rigata na ƙara. Na yi tsaki na ce Turawa dai ba su san darajar abin da suke da shi ba. Kafin nan, bisa al'ada, na cika bokiti biyu da babbar tukunya da duk wata roba da na gani. Memuna, wadda ta tashi inda ruwan sama ba ya jin rarrashi, ta ce, "Ei, Malam, rijiya za ka buɗe?" Ban kula ta ba.

Na sauka ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin gidan in ga ko akwai tsintsiya, sai na tarar da wata 'yar hita a kunne tana ta hura ɗumi, ba kowa sai bututu da gizo-gizo. Na ce wannan kuma wace irin ɓarna ce, tsohuwa ta yi mana karamci sannan mu bari wuta na cin ta? Na zare wayar. Na hau sama na tattara tsofaffin jaridu da wata farar takarda da ke kan tebur, na cusa a murhu, na hura wuta. Ita kuma Memuna ta ga ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinkin wanke kwanuka a wangale, ta ce ko waye ya zo ƙarshe ba shi da tsari, ta rufe su, ta goge. Kafin magariba gidan ya yi tsaf, ya yi ɗumi, ya yi shiru. Muka ci shinkafa da wake da kaza, muna yaba wa kanmu cewa Madam Doris ta yi dacen baƙi.

Abu ɗaya ya tsaya wa Memuna a rai. Akwai gida a can ƙasa da mu, tafiyar minti biyar, hayaƙi na fita daga samansa, amma ba wanda ya zo yi mana sannu da zuwa. A Zango, in baƙo ya sauka, kafin ya kwance kaya kwano uku sun shigo. Ta ce gobe ita za ta kai musu, ko sa ji kunya.

Da asuba na tashi alwala, na murɗa famfo, ko ɗigo. Na murɗa na kicin, ya yi wani ɗan tari ya yi shiru. Raina bai ɓaci ba ko kaɗan, hasali ma daɗi na ji. Na ta da Memuna na nuna mata bokitaina na ce, "An ɗauke ruwa. Wa ke dariya jiya?" Ta ce ta tuba. Shekarata ashirin da ɗaya a Amurka, amma duk a benen haya na yi su, inda mai gida ke hura hita, kuma ban taɓa sanin ta ina bututu ke bi ba. Ruwa in ya tafi, a sanina, wani ne a ofis ya rufe, kuma zai buɗe ranar da ya ga dama.

Da rana ta fito muka tafi yawon hawan dutse, tunda shi ne abin da ake zuwa yi. A bakin hanyar akwai akwati da littafi a ciki, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya shiga, don in bai fito ba a bi sawunsa. Wannan ya burge ni, kuma ya ɗan tsorata ni. Hanyar kuwa ba hanya ba ce, fenti ne aka ɗiga a jikin itatuwa, kana bin shuɗi har ka gaji. Duk wanda muka haɗu da shi yana riƙe da sanda biyu, da wasu ƙarafuna masu haƙora a ƙasan takalmi. Ni takalmin tuƙi ne a ƙafata, Memuna kuma wando uku a ƙarƙashin zane. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kafin ka buɗe baki ka tambayi iyali sun yi nisa. Sau biyu aka tambaye mu ko mun ɓata. Sau uku na zauna a ƙasa ba da niyya ba, na ukun har hulata ta gangara, wani saurayi ya tare ta da sandarsa ya miƙo mini.

A sama muka tarar da wani dattijo zaune kan dutse yana shan abu mai zafi. Ya ce ya haura saba'in, kuma duk mako yake hawowa. Na tambaye shi me yake zuwa nema. Ya ce ba komai. A garinmu in aka ga dattijo yana shiga daji duk mako ba gatari ba igiya, 'ya'yansa za su fara neman malami. Na ba shi kilishi, ya tauna ya tauna, ya ce ya fi wanda ake sayarwa a gidan mai. Na duba abin da aka hawo gani: itatuwa ne ba ganye, da wasu duwatsun, duk fari. Yana da kyau, ban musa ba. Memuna ta ɗauki hotuna don Madam Doris ta ce da Hausarta ta Zango, "Sanyi paa, ya yi yawa, mu sauka."

Daga nan muka ɗauki mota muka shiga gari. Titi ɗaya ne: gidan waya, coci, gidan mai, shagon kayan gini, da kanti guda da ke sayar da komai daga burodi har abincin tsuntsu. Madam Doris ta aike mu nan mu sayo mata wani ruwan zaƙi da ake tatsa daga jikin itace, mu kuma gaya wa mai kantin, Madam Judi, cewa tana nan ba ta mutu ba. Madam Judi ta fito daga bayan kanta ta rungume Memuna kamar ta san ta. Na ɗora manyan robobin ruwa guda huɗu a kan kanta, na tambaye ta cikin ladabi ko ta ji yaushe za a maido da ruwa.

Ta ce, "A maido daga ina?"

Na ce an ɗauke tun asuba.

Ta ce, "Ba mai ɗauke muku ruwa. Gidan Doris rijiyarsa gare shi, da injinsa." Sai ta cire tabarau ta dube ni da kyau. "Hank bai bar famfo a buɗe ba? Jiya an yi sanyin da ba a yi irinsa ba bana."

Memuna ta juyo ta kalle ni. Madam Judi ta ɗauki waya.

Kafin mu hau tudun akori-kurar nan ta jiya tana ƙofar gida, ƙaton mai farin gemu yana tsaye. Shi ne Mista Hank, maƙwabcin da hayaƙi ke fita daga gidansa, kuma shi ke duba wa Madam Doris gidan tun rasuwar mijinta. Bai ɗaga murya ba. Ya shiga ya taɓa famfo, ya buɗe kabad, ya sauka ƙasa ya ga wayar hita a zare. Ya yi mana bayani a taƙaice: ruwan da ke motsi ba ya saurin daskarewa, shi ya sa ake barin famfo na ɗiga, hitar bututu take ɗumamawa, kabad kuma ana buɗe shi don ɗumin ɗaki ya shiga. Ya ce ai ya rubuta duk wannan ya ajiye a kan tebur. Na dubi murhu, shi ma ya dubi murhu, ba wanda ya ƙara magana a kan takardar.

Memuna ta tambaye shi me ya hana shi leƙowa jiya. Ya ce ya ga hayaƙinmu, ya san mun iso lafiya, bai so ya dame mu ba. Ashe a wurinsu girmama baƙo shi ne a ƙyale shi.

Ya mayar da hita, ya ɗauko na'urar busar da gashi daga mota, ya durƙusa yana bin bututu da ita. Wajen rabin awa muna tsaye a kansa. Sai muka ji wata 'yar ƙara daga ƙarƙashin daɓen kicin, sai ga ruwa yana tsartuwa ta tsakanin katako. Ƙanƙarar ta tsaga bututun tun jiya, narkewa kawai take jira. Kafin Hank ya sauka ya kashe injin, kicin ya zama tafki. Ni da na rufe famfo don ɗigo, na tsaya ina kallon ruwan da zai ishi gidanmu na Damagaram kwana uku yana bin ƙafafuna. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba tun da na girma.

Babu yadda za a kai ga bututun sai an yanke daɓen. Hank ya ɗauko zarto, ya ɗan tsaya yana shafa katakon da tafin hannu, ya ce yana nan ranar da Frank ya shimfiɗa shi. Sannan ya yanke guda biyu. Ya ba ni guntun bututun da ya fashe ya ce in koma gari shagon kayan gini in nuna musu. Na je na dawo da sabo da katako biyu. Kafin la'asar sakaliya ruwa ya dawo, ramin ya rufu, amma sabon katakon fari ne fat a tsakiyar tsohon da ya yi ja, ko makaho ya taka zai ji bambanci. Hank ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Memuna ta zuba masa shinkafa da wake da kaza, ta ɗora shito cokali biyu. Ya ci, ya yi tari, hawaye ya zubo masa har gemu, ya miƙo kwano a ƙara. Da zai tafi ya jawo wata 'yar shimfiɗa da ke bakin ƙofa da ƙafarsa ya rufe sabon katakon. Ya ce, "Ni ba zan kira Kevin ba, dama ba ma shiri. Doris kuma ba za ta sake hawo tudun nan ba. Ba dole sai wani ya sani ba."

Gaskiya maganar ta kwanta mini. Washegari da safe muna haɗa kaya na ce wa Memuna, "Bon, to, Hajiya, an gyara, ruwa na zuwa, mutumin nan ya rufa mana asiri. Mu ma mu rufa wa kanmu. Ba don ni ba, don aikinki."

Ta ci gaba da naɗe bargo. Ta ce, "Malam, gobe zan cire wa matar nan riga in yi mata wanka. Za ta ce, Memuna, yaya gidana? Ido cikin ido. Me zan ce?"

"Ki ce lafiya lau. Ai lafiya lau ɗin ne yanzu."

"Shekara bakwai ban taɓa gaya mata ta sha magani alhali ba ta sha ba. Ba zan fara a kan katako ba, kuraa, ko kusa. In Kevin ya kore ni, ya kore ni. Amma tare za mu je, kai ka rufe famfo, ni na rufe kabad."

Na ce ni zan yi maganar, tunda kasona ya fi yawa.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne a bar gidan yadda Hank ya ce. Na buɗe famfon kicin kaɗan, na buɗe na bayi guda biyu. Na tsaya ina kallon ɗigon yana faɗawa rariya. Hannuna da kansa ya ɗauko tukunya ya tara a ƙarƙashi. Memuna ta zo ta ɗauke ta, ta goge, ta mayar inda take, ta tura ni waje ta kulle ƙofa.

Ranar Alhamis na bar aiki na bi ta jirgin ruwan St. George. Madam Doris na zaune a kujerarta gefen taga, 'yar ƙarama, bargo a gwiwa. Na ajiye mata ruwan zaƙinta, na isar da gaisuwar Madam Judi, sannan na faɗa mata komai daga famfo har takardar da na hura wuta da ita. Ban rage ba, kuma na ce Memuna ba ta san na zare hita ba. Ta saurara har na gama. Sai ta tambaye ni me ya sa na rufe. Na ba ta labarin jarka da randa da marin Inna.

Ta ce, "Wane katako aka yanke? Na gaban sinki, ko na kusa da taga?"

Na ce na gaban sinki, guda biyu.

"Na ukun daga bango yana kuka in an taka. Yana nan?"

Memuna ta ce yana nan, ta taka shi ya yi kuka.

Tsohuwar ta lumshe ido. Ta ce shekara uku duk wanda ta tambaya labarin gidan sai ya ce mata lafiya lau. Kevin lafiya lau, Hank lafiya lau, har ta fara zaton gidan ya rushe ana ɓoye mata. Ta ce yau ne karo na farko da wani ya kawo mata labarin gidanta. Ta sa na sake ba ta daga farko, wannan karon har da tarin Hank da faɗuwata uku, ta yi dariya har Memuna ta miƙa mata ruwa. Sannan ta ce a ba ta waya. A gabanmu ta kira ɗanta ta gaya masa da bakinta. Muna jin muryarsa daga inda muke zaune. Ta bar shi ya gama, ta ce gidan nata ne, katakon na mijinta ne, Memuna kuma ba inda za ta je muddin ita Doris tana numfashi.

Makullin dai Kevin ya zo ya karɓe a ƙarshen makon, kuma ba na jin za mu sake ganin cikin gidan nan. Har yau in ya haɗu da Memuna a ƙofa ba ya amsa gaisuwarta. Amma kullum da safe tana hawa jirgin ruwanta.

Wannan shi ne labarin, Alhaji Bala, sai ka yi dariyarka ka more. Namun daji ban ga ko ɗaya ba. Yanzu haka da nake rubutun nan famfo uku na can kan dutse suna ɗiga a gidan da ba kowa, kuma ni na buɗe su da hannuna. Ranar Juma'a na kira Inna na ba ta labarin dusar ƙanƙara da dattijon da ke hawa dutse ba ya neman komai, ta yi ta salati. Ta ce, "To a can ɗin, kuna da ruwa?" Na ce muna da shi, Inna. Na iya gaya wa Madam Doris gaskiya duka. Inna kam, a nan na tsaya.